Ma'anar Bardantaka da Ƙa'idojinta a Tsakanin Mayaƙan Doki na Turai, 1000–1500

1.0 Gabatarwa

Ranar 20 ga Agusta, 1119, rundunar Sarki Henry na I na Ingila ta yi karo da ta Sarki Louis na VI na Faransa a wani fili da ake kira Brémule, cikin ƙasar Normandi. Orderic Vitalis, wani rahibi marubucin tarihi da ya yi zamani da wannan yaƙi, ya ce barade wajen 900 ne suka gwabza, amma uku kacal aka kashe, aka kuma kama Faransawa kimanin 140. Dalilan da ya bayar su ne cewa mayaƙan suna sanye da sulke, sa'an nan saboda tsoron Allah da zumuncin sana'a ɗaya sun fi mai da hankali ga kama wanda ya juya baya a kan kashe shi. Shekara 72 bayan haka, a daidai wannan rana ta 20 ga Agusta, 1191, tattaɓa-kunnen Henry, watau Sarki Richard na I, wanda ake wa kirari da Mai Zuciyar Zaki, ya sa aka fito da fursunoni Musulmi wajen 2,700 bayan ganuwar Akka aka kashe su, domin ya ga Salahuddin ya yi jinkirin biyan fansar da aka yi alkawari. Mutanen da suka yi sassauci a Brémule da waɗanda suka zare takobi a Akka duk tarbiyya ɗaya suka samu, kuma Turawan zamanin ba su daina lissafa Richard cikin fitattun barade ba.

Manufar wannan takarda ita ce ta binciki wannan tarbiyya: mece ce ma'anarta, daga ina ƙa'idojinta suka fito, kuma su wa ta rufa wa asiri. Masana tarihi sun rabu a kan al'amarin. Johan Huizinga, a littafin da ya fitar a 1919, ya ɗauke ta tamkar ado da mafarki, abin da masu sarauta suka lulluɓe muguntar zamaninsu da shi. Maurice Keen kuwa, a 1984, ya nuna cewa ɗabi'a ce mai rai wadda ta yi aiki a fada da fagen fama. Mu a nan za mu yi ƙoƙarin nuna cewa ƙa'idar gaskiya ce, tana da hukunci da masu zartar da shi, har ta hana zubar da jini mai yawa. Sai dai da'irarta ƙarama ce ƙwarai, domin yarjejeniya ce tsakanin mutanen da suke ganin juna a matsayin tsara. Wanda duk ya faɗo wajen da'irar, to ƙa'idar ba ta san da shi ba sai a bakin masu wa'azi.

2.0 Ma'anar Kalma

Kalmar da Faransawa suka sa wa abin ita ce chevalerie, daga chevalier, mahayi, wanda shi kuma ya fito daga cheval, watau doki. Jamusawa suna ce wa mutumin Ritter, Sifaniyawa su ce caballero, duk dai ma'anar tana komawa ga hawa. Malaman da ke rubutu da Latin kuwa miles suke cewa, watau soja. A rubuce-rubucen ƙarni na 12 zuwa na 15 kalmar chevalerie tana ɗaukar ma'ana uku. Ta farko, taron mayaƙan doki masu sulke. Ta biyu, matsayi wanda ake shiga ta hanyar naɗi. Ta uku, halaye da ɗabi'un da ake sa ran gani ga mai wannan matsayi.

Hausa ba ta rasa kalmomin wannan fage ba, domin ƙasar Hausa ta daɗe da sanin yaƙin doki. Tarihin Kano ya ambata cewa Sarki Kanajeji, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Saboda haka za mu kira mayaƙin barde, mu kira matsayinsa da ɗabi'arsa bardantaka, bisa ƙirar jarumtaka da sadaukantaka. Aron suna ne kawai muka yi domin sauƙin bayani. Barden Hausa da na Turai kowa da tsarin da ya haife shi.

Akwai wani kuskure da ya kamata mu kawar tun daga farko. Sau da yawa akan kawo jerin dokoki goma a ce su ne dokokin bardantaka. Wannan jeri wani masani Bafaranshe, Léon Gautier, shi ya tsara shi a 1884, ƙarnuka bayan barade sun shuɗe. Babu wani kundi guda da barade suka yi rantsuwa a kansa daga Ingila har Sisili. Abin da ake da shi al'ada ce da aka gada, da littattafai masu saɓa wa juna, da hukunce-hukuncen kotunan soja.

3.0 Tushen Bardantaka

Za mu iya cewa bardantaka igiya ce mai tufka uku: fagen fama, da Coci, da fada.

3.1 Fagen Fama

Bayan daular da Charlemagne ya kafa ta wargaje a ƙarni na 9 da na 10, iko ya koma hannun ƙananan sarakai, kowa da gidansa mai ganuwa da mayaƙan da yake ciyarwa. Barade na farko barori ne masu makami. Sukan yi caffa ga ubangida, shi kuma ya ba su doki da tufa, in sun yi sa'a ya yanka musu ƙasa su ci, bisa sharaɗin fita yaƙi, wanda daga baya al'ada ta tsayar da shi a kan kwana 40 a shekara. A ƙarshen ƙarni na 11 sai wata dabara ta yaɗu: maimakon jifa da mashi ko suka da ɗaga hannu, sai mahayi ya danne doguwar sandar mashin a hammata, ya kafe ƙafa a likkafa, ya jingina da sirdi mai tudu, nauyinsa da na doki su taru a tsinin mashi. Wannan dabara tana bukatar horo tun ƙuruciya, da ingarman doki, da sulke, da yara masu hidima. Tsadar kayan ta ware barde daga sauran mayaƙa, har sarakuna da 'ya'yansu suka ga babu ƙasƙanci a ce da su barade.

Da matsayin ya yi daraja sai aka fara rufe ƙofa. A 1140 Sarki Roger na II na Sisili ya taƙaita naɗi ga zuriyar barade, a 1186 kuma Sarkin Jamus Frederick Barbarossa ya hana a naɗa 'ya'yan manoma da na limaman Kirista. Halayen da wannan tufka ta kawo su ne jarumtaka, da riƙon amanar ubangida, da kyauta. Kyautar ma tana da dalili: ubangijin da ba ya raba ganima ba ya riƙe mayaƙa, don haka mawaƙan fada, waɗanda su ma da ita suke ci, suka mai da rowa babban abin kunya. Waƙar Roland, wadda aka tsara wajen 1100, wannan ruhi ne ya cika ta, na amana da ƙin juya baya ko da za a mutu.

3.2 Coci

Malaman Kirista sun fara kallon barade a matsayin annoba, domin gonakin Coci da manomanta su ne abincin yaƙe-yaƙen sarakai. A taron Charroux na 989 aka yi shelar la'ana ga wanda ya fasa majami'a, ko ya bugi malamin da ba ya ɗauke da makami, ko ya ƙwace dabbar talaka. A taron Toulouges na 1027 aka hana faɗa daga yammacin Asabar zuwa safiyar Litinin, daga baya aka faɗaɗa kwanakin. Da hani bai wadatar ba sai aka nemi a juya takobin waje: a 1095, a Clermont, Fafaroma Urban na II ya kira barade su bar kashe juna su nufi Ƙudus. Daga nan aka sami ƙungiyoyin da suka haɗa ruhubananci da yaƙi, irin su Baraden Haikali, waɗanda taron Troyes ya amince da su a 1129. Bernard na Clairvaux, da yake yabonsu, ya yi wasa da kalmomin Latin guda biyu masu kama da juna, ɗaya soja ɗaya mugunta, domin ya nuna abin da yake gani game da sauran barade na duniya.

Abin lura shi ne barade sun ɗauki abin da ya yi musu daɗi a wannan wa'azi, suka bar saura. Sun yarda cewa sana'arsu hanyar samun lada ce, amma da taron Clermont na 1130 ya haramta wasan barade, har ya hana wa wanda ya mutu a cikinsa jana'izar Coci, ko a jikinsu. Wasan ya ci gaba da bunƙasa har Fafaroma John na XXII ya janye hanin a 1316.

3.3 Fada

Tufka ta uku ita ce ladabin fada. A ƙarni na 12 fadojin Faransa suka cika da mawaƙa da marubuta ƙissa. Chrétien de Troyes, wanda ya yi rubutu tsakanin 1170 da 1190, kuma ya sami ɗaurin gindin Marie, uwargidan mai mulkin Champagne, shi ya fito da labarun baraden Sarki Arthur a sigar da ta game Turai. A cikinsu barde ba ya cika sai ya iya magana, da zama da mata masu daraja, da sassauta wa abokin gaba in ya nemi afuwa. Soyayyar wata uwargida ita ce ke zuga shi ga bajinta. Matasan barade, waɗanda da yawansu ƙannai ne marasa gado masu neman auren magajiya, su ne masu sauraron waɗannan ƙissoshi, kuma a cikinsu suke ganin burinsu.

4.0 Naɗi da Littattafan Ƙa'ida

Ɗan gidan sarauta yakan bar iyayensa tun yana yaro ya tafi gidan wani babba, ya koyi hidima da hawa, sa'an nan ya zama mai riƙe wa barde garkuwa da kula da dokinsa, kafin a naɗa shi. Jigon naɗi shi ne ɗaura takobi da ƙaimi, sau da yawa kuma da ɗan mari ko bugu a wuya domin kada ya manta ranar. A 1128, a Rouen, Henry na I ya naɗa Geoffrey na Anjou, saurayin da zai auri 'yarsa. Marubucin tarihin Geoffrey ya bayyana wanka, da riga mai zaren zinariya, da sulke, da ƙaimin zinariya, da garkuwa mai hoton zakoki. A fagen fama kuwa akan taƙaita komai, a naɗa mutum kafin a gwabza da bugu ɗaya.

Littattafai uku sun isa su nuna mana yadda aka fassara wannan biki. Na farko wata waƙa ce ta Faransanci, Ordene de chevalerie, ta wajen 1220. Ƙagaggen labari ne na wani barde, Hugh na Tabariyya, da ya faɗa hannun Salahuddin, Sarkin ya nemi ya nuna masa yadda ake naɗi. Kowane mataki da ma'anarsa: wanka tsarki ne daga zunubi, jar alkyabba jinin da zai zubar saboda addini, safa mai duhu tunin ƙasar kabari, farar ɗamara kamun kai. Umarni huɗu ya biyo baya: kada ya yarda da hukuncin zalunci ko cin amana, ya girmama mata ya taimake su, ya halarci ibada kullum, ya yi azumin Jumma'a.

Na biyu shi ne na Ramon Llull, mutumin tsibirin Mayorka, wanda ya rubuta da harshen Katalan wajen 1275. A wurinsa barde ma'aikacin hukuma ne: aikinsa kare addini, da ubangida, da gwauraye da marayu, da tsare hanyoyi, da kama ɓarayi. Littafin ya yaɗu ƙwarai, har William Caxton ya buga fassararsa ta Ingilishi wajen 1484.

Na uku ya fi kusa da bakin barade su da kansu. Geoffroi de Charny, wanda ya rubuta nasa wajen 1350, mayaƙi ne da ya mutu a yaƙin Poitiers a 1356 yana riƙe da tutar Sarkin Faransa. Ma'auninsa shi ne yawan abin da mutum ya aikata da makami: karon mutum biyu da mashi yana da daraja, wasan taron barade ya fi shi, yaƙi na gaske ya fi duka. Ya yi dogon bayani a kan yunwa, da rashin barci, da tsoro, da rauni. Amma wannan Charny ɗin ne ya nemi ya sayi garin Calais da cin hanci a ƙarshen 1349, da wanda ya yi ciniki da shi, Aimeric na Pavia, ya tona asirin, aka kama shi. Bayan an fanshe shi ya farauto Aimeric a 1352 ya sa aka yi masa kisan wulaƙanci. A ganinsa dabarar yaƙi halas ce, abin da ba a yafewa shi ne saɓa alkawarin da aka yi masa.

5.0 Ƙa'ida a Aikace

In muna son ganin inda bardantaka ta yi aiki ba a takarda kaɗai ba, sai mu dubi al'adar kamu da fansa. Rayuwar William Marshal, wanda ya rasu a 1219, ita ce misali mafi bayyana, domin an rubuta tarihinsa cikin waƙa mai layi fiye da 19,000 'yan shekaru bayan mutuwarsa. Ƙane ne marar gado, da wasan barade ya yi arziki. Wasan a zamaninsa yaƙi ne sosai a fili mai faɗi, wanda aka kama ya rasa doki da makamai, ya kuma biya fansa. Shi da abokin haɗin gwiwarsa, Roger de Gaugi, sun kama barade 103 cikin wata goma, wani magatakarda yana riƙe da lissafi. A 1189, yana kare bayan Sarki Henry na II da ke gudu daga Le Mans, ya ci karo da ɗan Sarkin mai tawaye, Richard, ba sulke a jikinsa. Marshal ya soke dokin ya bar mahayin. Da Richard ya hau gadon sarauta bai riƙe shi da wannan ba, ya tabbatar masa da auren magajiya Isabel de Clare, saboda amanar da ya riƙe wa uban ita ce yake so a riƙe masa. A kan gadon mutuwa, da aka tuna masa koyarwar malamai cewa sai ya mayar da abin da ya karɓe, ya amsa cewa ya kama barade 500, ba shi da halin mayarwa, kuma malaman sun tsananta.

Wannan tsari yana tsaye ne a kan ƙafa biyu, riba da kunya. Barde mai rai dukiya ne, gawarsa ba ta da amfani. Kuma wanda ya kama yau ana iya kama shi gobe. Amma ciniki ba ya yiwuwa sai magana tana da nauyi, domin sau da yawa akan saki fursuna bisa rantsuwa ya je ya tara kuɗin. Sarki Jean na II na Faransa, da aka kama shi a Poitiers, Edward ɗan Sarkin Ingila, wanda aka sani da Baƙin Yarima, ya karrama shi a wurin cin abinci, in ji marubuci Froissart. Yarjejeniyar Brétigny ta 1360 ta yanka masa fansar zinariya miliyan 3, ya koma gida ya bar mutanen jingina. Da ɗansa Louis na Anjou ya saɓa rantsuwa ya gudu a 1363, Jean ya koma Landan da ƙafarsa, yana mai kafa hujja da mutuncinsa, can ya rasu a 1364.

Sassaucin ya shiga har cikin siyasa. A Ingila, daga kashe Waltheof a 1076 ba a sake zartar wa wani babban hakimi mai irin darajarsa hukuncin kisa ba sai a 1306, duk da tawaye iri-iri da aka yi a tsakani. Akan ƙwace ƙasa, ko a ɗaure, ko a kora, amma a bar rai.

Ƙa'idar tana da masu hukunci. A ƙarni na 14 kotunan manyan hafsoshin sarki suna sauraron ƙararrakin fansa, da rabon ganima, da rigimar tambarin garkuwa, sankirori kuma su ne masana alamomi da shaidun wanda ya yi bajinta. Wanda ya ƙi biyan fansa akan rataye tambarinsa a kife a bainar jama'a. A 1323 aka tuɓe Andrew Harclay, hakimin Carlisle, saboda ya ƙulla sulhu da Sarkin Sikotilan ba da iznin ubangijinsa ba: aka sare ƙaiminsa, aka raba shi da takobinsa, sa'an nan aka kashe shi. Sarakuna sun ga amfanin wannan tsoron kunya, suka kafa ƙungiyoyin girmamawa, kamar ta Garter a Ingila a 1348. Ta Tauraro, wadda Jean na II ya kafa, 'yan cikinta sun yi rantsuwar ba za su ja da baya fiye da ɗan taƙin da aka ƙayyade ba. A yaƙin Mauron na 1352 fiye da 80 daga cikinsu suka mutu saboda wannan rantsuwa, in ji Jean le Bel, ƙungiyar kuwa ba ta sake farfaɗowa ba. Mutanen da ke mutuwa domin magana ba za a ce wasa suke yi da ita ba.

6.0 Iyakar Bardantaka

Yanzu sai mu tambaya: su wa aka bari a waje? Na farko manoma. Babbar dabarar yaƙin zamanin ita ce hari cikin ƙasar abokin gaba domin a ƙone abin da yake karɓar haraji a kai. A 1355 Baƙin Yarima ya bi daga Bordeaux har Narbonne yana ƙone garuruwa da ƙauyuka, wakilin gidansa John Wingfield kuma ya aika wasiƙa gida yana lissafin kuɗin shigar da Sarkin Faransa ya yi hasara. Shekara guda bayan haka wannan Yarima ne ya yi wa Sarki Jean hidima a kan tebur. Honoré Bonet, a littafinsa na dokokin yaƙi na wajen 1387, ya yi kukan cewa yaƙin zamaninsa a kan talakawa da shanunsu ake yin sa.

Na biyu dakaru da 'yan baka. Ba su da abin fansa, don haka in an ci rundunarsu kisa ne rabonsu. Su ma ba sa bin kowa bashin sassauci. A Courtrai, a 1302, masaƙa da sauran mutanen garuruwan Flanders suka karya baraden Faransa, suka ƙi kama fursuna, aka tattara ƙaimi masu ruwan zinariya wajen 500 aka rataye a majami'a.

Na uku mazauna garin da aka ci da ƙarfi. Al'adar yaƙi ta ce garin da ya ƙi miƙa wuya har aka haura ganuwarsa, rayuka da dukiyar cikinsa na mai nasara ne. A Limoges, a 1370, Froissart ya ce Baƙin Yarima ya kashe mutum 3,000. Binciken baya-bayan nan ya nuna adadin ya fi kusa da 300. Ko wane adadi muka ɗauka, abin lura ɗaya ne: baraden da suka kare garin an karɓe su fursunoni, babban limamin da ya miƙa garin ga Faransawa ya tsira da ransa, waɗanda suka mutu ƙananan sojoji ne da mutanen gari.

Na huɗu mata. Girmamawar da ƙissoshi ke koyarwa ta matan sarauta ce. Andreas Capellanus, wanda ya rubuta littafin ladabin soyayya a ƙarshen ƙarni na 12, ya halatta wa mai daraja ya yi wa 'yar manomi ƙarfi. Magajiya kuwa, duk da waƙoƙin yabo, sarki ne ke bayar da ita ga wanda ya so, haɗe da ƙasarta.

Na biyar waɗanda addini ya raba. Kisan da aka yi wa Musulmi da Yahudawa a Ƙudus a 1099, da wanda aka yi a Béziers ta kudancin Faransa a 1209 a yaƙi da waɗanda Coci ta kira 'yan bidi'a, barade ne suka jagorance su. Duk da haka a nan iyakar ba ta miƙe sosai ba, domin wani lokaci matsayi yakan tsallake addini. Usama ibn Munƙiz, basaraken Sham da ya rasu a 1188, ya ba da labarin abokansa cikin Baraden Haikali da suka keɓe masa wurin salla a harabar Masallacin Aƙsa. Kuma mun riga mun ga mawaƙin Faransa ya ɗauki Salahuddin a matsayin wanda ya cancanci a nuna masa sirrin naɗi. Mahayi mai asali yana gane ɗan'uwansa ko a wace runduna yake, abin da bai taɓa yi wa manomin ƙasarsa ba.

Daga ƙarshe, ko a cikin da'irar, larura takan rinjayi ƙa'ida. A Agincourt, ranar 25 ga Oktoba, 1415, Henry na V ya ji tsoron sabon hari sai ya ba da umarnin kashe fursunonin Faransa. Mutanensa suka yi nawa, ko don kunya ko don hasarar fansa, sai ya tura 'yan baka 200 su aikata. Manya irin su Charles na Orléans sun tsira, shi ya zauna a Ingila shekara 25 kafin a fanshe shi.

7.0 Kammalawa

Bardantaka ta raunana ne lokacin da abin da ya haife ta ya canza. Dogon baka, da dogon mashin dakaru, da bindiga sun rage wa doki fifiko. A 1445 Charles na VII na Faransa ya kafa rundunoni na dindindin masu albashi, mayaƙi ya zama ma'aikacin sarki mai bin umarni. Bayard, wanda Faransawa ke ɗauka cikamakin barade, harsashi ne ya kashe shi a 1524, kuma a 1605 Cervantes ya fitar da Don Quixote, inda mai bin ƙissoshin barade ya zama abin dariya da tausayi.

Abin da muka gani a taƙaice shi ne, Huizinga ya yi gaskiya game da ratar da ke tsakanin littafi da aiki, amma ratar ba ta nufin babu ƙa'ida. Ƙa'idoji biyu ne suke tafiya da suna ɗaya. Akwai ta malamai irin su Llull, mai cewa ƙarfi amana ce domin kare raunana. Wannan ta zauna galibi a matsayin buri. Akwai kuma ta barade, mai cewa kada ka gudu, kada ka ci amana, kada ka saɓa rantsuwa, kada ka kashe tsaranka in ya miƙa wuya; wannan an bi ta, domin riba da kunya suna tsaron ta, kuma wanda aka zalunta yana da bakin kai ƙara. Manomin Languedoc ba shi da fansar da zai biya, ba shi da kotun da zai je, ba shi da sankiran da zai ɓata sunan wanda ya ƙone masa rumbu.

Duk da haka burin malaman bai tafi a banza ba. Tunanin cewa wanda ya ajiye makami yana da haƙƙi, kuma akwai abin da mayaƙi ba ya yi ko da zai iya, ya bi ta hannun masana shari'a har ya shiga dokokin yaƙi na zamani. Yarjejeniyar Geneva ta 1949 ta shimfiɗa kariyar fursuna a kan kowane soja, ta kuma keɓe wa farar hula yarjejeniya tasu. Amma ko a cikinta akwai sauran tsohon bambanci, domin ta yarda a sa ƙaramin soja fursuna aiki, ta hana a tilasta wa hafsa. Muna ganin duk mai nazarin ɗabi'un mayaƙa, a Turai ko a wata nahiya, bai kamata ya tsaya ga jerin halayen da mawaƙa suka yaba ba. Ya kamata ya bincika su wa aka yi wa alkawarin, kuma wa ke da ikon kama wanda ya saɓa.